Rijiyoyin da Na Rantse Babu Su

Ba zan taɓa mantawa da taron ƙungiyar ci gaban garinmu na bayan babbar Sallah ba, ranar da na tsaya gaban manyan Illela, makirfo a hannun dama, takarda a hagu, ina jin kaina kamar wanda aka aiko ya ceci gari. Amma kafin in kai ku can sai na fara ba ku labarin Sanusi, don ba domin shi ba da ban tashi daga kujerata ba a ranar. (Shi bai yi mini laifin komai ba. Wannan ma yana cikin abin da ya fi ba ni haushi.)

Shagon kwamfuta gare ni a kan hanyar da ta nufi bakin iyaka, tsakanin wani mai canjin kuɗi da mai sayar da kayan babur. Ina buga takardu, ina fotokwafi, ina yin katin biki, ina cike wa ɗalibai takardun jarrabawa. Duk wanda ke da wata buƙata a intanet a unguwarmu wurina yake zuwa, har sunana na yanka ya ɓace, kowa Mai Kwamfuta yake ce mini. Ina son sunan kuwa. A ganina, idan ana maganar ilimin zamani a garin nan, to ni ne farko, sauran su biyo baya.

Sanusi kuwa abokina ne tun firamare, benci ɗaya muka zauna. Malamin makaranta ne, yana koyarwa a wata firamare can yankin Araba, kullum yana kan wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Ni na buɗe masa imel. Ni na koya masa tura hoto ta waya. Mutum ne mai sanyi, idan yana magana sai ka matso kusa kafin ka ji.

Wata rana ya shigo shagona da wayarsa mai fasasshen gilashi, ya ce, "Mai Kwamfuta, buga mini wannan shafin, kwafi biyu."

Ina tsakiyar haɗa katin wani biki a lokacin, ban ko kalli abin da ke ciki ba. Abin da kawai na tambaye shi shi ne, "Mai kala ko baƙi da fari?"

Ashe a rediyo ya ji an ce gwamnati tana saka ayyukan da ta bayar a wani shafi na intanet, kowa na iya shiga ya duba: wane aiki, a wane gari, an biya ko ba a biya ba, an gama ko ba a gama ba. Shi ne ya shiga ya nemi makarantarsu. Ya tarar an rubuta cewa an gina musu sababbin azuzuwa, an gama, an biya. Alhali shi a gindin bishiya yake koyar da 'yan aji uku, suna kallon harsashin ginin da aka tsaya a nan tun bara waccan, awaki na kwana a ciki.

Takardar nan da na buga masa, ban karanta ba, ita ya kai wa hedimasta. Daga nan suka kai wa iyayen yara, aka je wurin hakimi. Ya ɗauki hoton harsashin ya haɗa da takardar, gefe da gefe. Wani gidan rediyo a Sakkwato ya kira shi ya yi magana. Kafin damina ta sauka sai ga ɗan kwangilar da kowa ya manta kamanninsa ya dawo da bulo da kwano. Yara suka bar gindin bishiya suka shiga aji.

Abin farin ciki ne, ko ba haka ba? Na sani. Na ma je na yi masa murna, na rungume shi. Amma Allah ya sani, ina rungume da shi kishi yana cin raina.

Daga nan ban ƙara samun sukuni ba. Wurin mai shayi, Sanusi. Ƙofar masallaci, Sanusi. Maƙwabcina mai canji, wanda ban taɓa jin ya yabi wani abu ba in ba sefa ba, ya ce mini, "Abokin nan naka namiji ne." Na koma gida, matata Balkisu ta tare ni da fara'a.

"Baban Ummi, ka ji Malam Sanusi a rediyo kuwa? Ashe haka ya iya magana."

Na ce, "Takardar ai ni na buga masa."

Ta ce, "To, Allah ya ba da ladan bugu." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne Baba. Na je gaishe shi wata Juma'a, yana zaune a zaure, bai ko bari na gama gaisuwa ba ya ce, "Wai kai mi kaka kallo cikin akwatin nan naka tun safe har yamma? Sanusi da 'yar waya ya gano abu, kai da babban allo gabanka ba ka ga komi ba?" Ba da faɗa ya yi maganar ba. Tambaya ce ta gaskiya, yana son ya sani. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ana cikin haka shugaban ƙungiyarmu ya zo shago. Ya ce an yanke shawarar karrama Sanusi a taron shekara, wanda ake yi bayan Sallah lokacin da 'yan gari na Sakkwato da Abuja suka dawo gida. Ana son takardar yabo mai kyau, kuma wa zai yi ta in ba ni ba? Da yatsuna na rubuta "Gwarzon Al'umma" da ruwan zinariya. Da na zo kan sunansa na ɗan rage girman rubutun (kaɗan fa, ba da yawa ba). Shugaba ya leƙo ta bayana ya ce, "Ƙara girman sunan, a gan shi daga nesa." Na ƙara. Ya ce, "Ƙara dai." Na ƙara.

Ranar na ƙudurta a raina cewa ni ma sai na gano nawa, kuma wanda ya fi nasa. Shi azuzuwa ya gano a makaranta guda. Ni abin da zai girgiza ƙaramar hukuma gaba ɗaya nake nema.

Duk lokacin da shago ya yi shiru bayan azahar sai in shiga bincike. Abin ba sauƙi gare shi ba, ashe. Na buɗe kasafin kuɗi, shafuka ba iyaka, na karanta har idona ya yi ja, ban fahimci inda aka dosa ba. Na duba jerin asibitoci, duk wanda na gani na san shi, yana nan inda aka ce. Na ji haushin haka. Ku duba fa, mutum yana jin haushi don ya tarar ba a yi sata ba. A nan ya kamata in gane cewa ba lafiya nake ba.

Sai wata rana na faɗa wani shafi da aka tara bayanan ruwan sha: rijiyoyin burtsatse da famfunan da hukumomi suka gina, da inda suke, da ko suna aiki. Akwai wurin rubuta sunan gari. Na rubuta Illela. Jadawali ya fito, mai tsawo. Rijiyoyi masu aiki da hasken rana, famfunan tuƙa-tuƙa, jere reras, kusan kowanne an rubuta yana aiki. Na bi sunayen ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya. Ban san ko guda ba.

Ni da aka haifa a garin nan. Ni da na buga katin bikin kusan kowane ƙauye daga Lafani har Araba.

Na ce shi ke nan, ƙauyukan bogi. An ƙirƙiri garuruwan da babu su, an rubuta an haƙa musu rijiyoyi, an cinye kuɗin. Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne rubutun sunayen. Wani an rubuta "Toudoun Adoua", wani "Guidan Baoua". Na yi dariya ni kaɗai a shago, na ce ɓarayin nan ko Hausa ba su iya rubutawa ba, wani ne a ofis can nesa ya zauna ya harhaɗa haruffa. (Na san abin da wasunku ke tunani yanzu. Ku yi haƙuri, ku bar ni in kai kaina da kaina.)

Jadawalin yana da faɗi sosai, ba zai shiga takarda ɗaya ba. Mu kuwa masu wannan sana'a ba ma wasa da takarda. Sai na yanke duk abin da ke can gefen dama, wasu lambobi masu ɗigo da ban gane ba da wasu sahu biyu ko uku da ban ma ja shafin na duba ba. Na bar sunan wuri, da irin rijiya, da "yana aiki". Ya zauna daidai a takarda, gwanin kyau.

Kada ku ce ban yi bincike ba, na yi. Na fita tashar 'yan kabu-kabu, su da babu lungun da ba su sani ba, na karanta musu sunayen yadda na ga an rubuta.

"Akwai wanda ya san Tawudawun Adawuwa?"

Suka kalli juna. Wani ya ce, "Mi?"

"Guyidan Ba'owa fa?"

Babbansu ya girgiza kai. "Mai Kwamfuta, shekarata nawa kan babur, ban taɓa jin wanga gari ba."

Na koma shago kamar in yi rawa.

Saura 'yan kwanaki a yi taro Sanusi ya biyo ta wurina. Na kasa riƙe bakina, na ce masa, "Ni ma akwai abin da na gano. Babba. Ranar taro za ka ji."

Ya yi murna har cikin ransa, abin haushi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Mu gani mana, ido biyu ya fi."

Na kife takardar a kan tebur. A raina na ce, wato ka gani ka riga ni kai wa rediyo. Na ce, "Bari dai sai ranar."

Ya ce, "To, amma ka je wurin ka gani da idonka? Ni kafin in buɗe baki sai da na tambayi hedimasta ko akwai wata makaranta mai irin sunanmu. Sai da na tabbatar lambar makarantar tamu ce. Abin nan yana da ruɗi, abokina."

Na ce, "Ta yaya zan je garin da babu shi?"

Ya ce, "Haka ne kuma." Ya tura babur ɗinsa ya tafi. Na bi shi da kallo ina cewa a raina, ga hassada nan ƙarara, ba ya son wani ya taso. Ni fa nake faɗin haka. Ni.

Akwai wani abu da ya kamata ya tsayar da ni, bai tsayar da ni ba. Kansilan mazaɓarmu, Kawu Ladan, ƙanin mahaifiyar Balkisu ne, kuma yana cikin kwamitin da ke kula da harkar ruwa. Shi ya yi mini hanya na sami shagon da nake ciki. Shi ke turo mini aikin buga takardu. Na san duk maganar da za a yi kan rijiyoyi shi za a fara kallo. Amma na gaya wa kaina cewa mai gaskiya ba ya duba surukuta, na ma ji kaina ya ƙara girma da wannan tunanin. Balkisu ban ce mata komai ba. Na dai sa ta goge mini babbar rigata ta Sallah.

Ranar taro aka kafa rumfuna a filin makaranta. Hakimi ya turo wakili, ga shugabannin ƙungiya, ga Kawu Ladan da sauran kansiloli a sahun gaba, ga 'yan Abuja da manyan wayoyinsu, mata a rumfarsu daga gefe. Baba yana sahu na biyu, kusa da shi wani amininsa, Alhaji Maman, babban falken albasa da ya zo masa yawon Sallah daga ƙetaren iyaka. Na gaishe su a gurguje, hankalina na kan aljihuna.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Aka kira Sanusi. Tafin da aka yi masa har yanzu ina jin sa a kunnena. Ya karɓi takardar yabon da hannu biyu, ya ce wani abu a makirfo da ba wanda ya ji, aka sake tafawa. Wani ɗan Abuja ya tashi ya yi alkawarin sabon babur. A nan ne idona ya rufe.

Da mai gabatarwa ya ce ko akwai mai ƙarin bayani, kafin ya rufe baki na isa gabansa.

Na yi sallama. Na yabi Sanusi a taƙaice, na ce abin da ya yi somin-taɓi ne. Na ce ni ma na shiga bayanan gwamnati, kuma abin da na gano zai sa kowa kuka. Na ɗaga takardar sama yadda na ga ana yi a talabijin. Na ce matanmu na tafiya mai nisa neman ruwa, Fulaninmu na yawo da shanu suna neman mashaya, alhali a rubuce an cika Illela da rijiyoyi. Na ce an ƙirƙiri ƙauyukan da babu su a doron ƙasa. Na rantse da Allah babu su.

Na ga kawuna suna juyawa wajen Kawu Ladan. Shi kuwa ya kafe ni da ido, bakinsa a ɗan buɗe. Gaskiya a wannan ɗan lokacin daɗi na ji, irin daɗin da na daɗe ban ji ba.

Na ce, "Bari in karanta muku, duk wanda ya san gari guda a ciki ya ɗaga hannu. Tawudawun Adawuwa." Na dakata, na dubi jama'a. Ba hannu. "Guyidan Ba'owa." Ba hannu. Aka fara gunaguni, wani daga baya ya ce a kira sunayen ɓarayin. Na ƙara ɗaga murya na karanta na uku da na huɗu.

Sai na ga hannu ya tashi a sahu na biyu. Alhaji Maman ne.

"Ɗana, dakanta kaɗan. Miƙo mini takardar in gani. Na yi lakwal, makarantar boko, kaɗan ina yaro, wanga rubutu kamar na san shi."

Na miƙa masa da fara'a, a zatona shaida na samu. Ya lalubo tabarau a aljihu, ya saka a natse, ya nesanta takardar da fuskarsa. Mai gabatarwa ya karɓe makirfon daga hannuna ya kara masa a baki.

"Wanga na farko Tudun Aduwa ne," in ji shi. "Na biyu kuma Gidan Bawa. Nan anka yanke cibiyata. Famfon da ka rantse babu shi yana bayan gidan innata. Shekaranjiya da ruwansa na yi alwala kafin in taso."

Ban gane ba. Wallahi har lokacin ban gane ba. Na ce, "Baba Alhaji, ai a Illela aka ce suke."

Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi. "Awo, a Illela suke. Illela tamu ta Nijar, can gaba da Konni, hanyar Tawa. Rubutun kuma ba kuskure ba ne, haka muka rubuta Hausa da harufan Faransa." Ya ninke takardar ya miƙo mini. "In ƙarar magajin garinmu kake son kaiwa, ka canji sefa wurin maƙwabcinka, gobe in tafi da kai cikin motata."

Akwai wani ɗan shiru da ke zuwa kafin dariya ta fashe. A cikin shirun nan na tuna komai lokaci guda. Na san akwai Illela a Nijar, wa bai sani ba a garin nan? Na tuna allunan shagunan Konni da nake gani tun ina yaro, da irin wannan rubutun sak. Na tuna katin bikin da na taɓa buga wa wani ango daga can, har muka yi gardama kan yadda ake rubuta "gida". Duk na sani. Kawai dai a makonnin nan ba na ganin komai sai sunan Sanusi da ruwan zinariya.

Sannan dariyar ta zo. Ta fara daga 'yan Abuja, ta bi ta samarin baya, ta tsallaka rumfar mata. Wakilin hakimi ya rufe fuska da bakin rawani, kafaɗunsa na rawa. Babban 'yan kabu-kabun nan ya ce da ƙarfi, "Gidan Bawa kake nufi? Ai da ka faɗa da Hausa, ko makon jiya na kai fasinja." Wani yaro daga baya ya kira ni "Mushe". A can ƙetare haka ake kiran malamin boko. A wajenmu kuwa kun san abin da mushe yake nufi. Ban tsaya tambayar wanne yake nufi ba.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Kawu Ladan, wanda ya juyar da kai gefe. Da Baba, wanda ya sunkuya yana kallon takalmansa kamar yau ya fara ganin su. Rumfar mata kuwa ban iya ko duban ta ba.

Ina nan tsaye sai ga Sanusi ya taso ya karɓi makirfo. Wannan karon, ban san yadda aka yi ba, kowa ya ji muryarsa.

Ya ce, "Jama'a, abokina ya yi kuskuren gari, amma bai yi kuskuren tambaya ba. Maƙwabtanmu ga rijiyoyinsu a rubuce, ga Alhaji ya shaida suna aiki. To mu namu fa? Me aka rubuta a kansu, kuma gaskiya ne? Ina ba da shawara a kafa kwamiti ya duba, mu bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafarmu, tare da kansilolinmu."

Aka tafa masa. Tafin ya fi na farko. Ku duba wannan al'amari: kunyar tawa ce, gumin nawa ne, amma ko ita sai da ta koma ta zama abin yabonsa. Ya cece ni a gaban mutane, ni kuma ina tsaye ina jin haushin yadda ya iya ceton. Nan take aka naɗa shi shugaban kwamiti. Ni aka ce in zama mai buga takardu.

Daga filin taron, shago na wuce, na rufe ƙofa, na kunna kwamfuta. Na buɗe jadawalin, na ja shi zuwa dama, can inda na yanke. Sahu na ƙarshe sunan ƙasa ne. Duk layukan da na buga abu ɗaya aka rubuta: Nijar. Ashe shafin na ƙasashen yankin nan ne gaba ɗaya, kowace gwamnati da nata bayanan, kuma namu suna nan ƙasa kaɗan, da na yi haƙuri na gangara.

A gida Balkisu ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye mini abinci ta ce, "Da ka gaya mini, da na ce maka ƙanwar kakata a Tudun Aduwa take aure." Daga nan sai gaisuwa kawai ke haɗa mu har aka kwana biyu.

Baba ne ya sa ni gaba zuwa gidan Kawu Ladan. Na durƙusa a zaure, na ba da haƙuri. Kawu ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Ni ba kiran ɓarawo ya dame ni ba, ɗan siyasa ya saba. Abin da ya dame ni, kana cin tuwo a gidana, ka ga abu irin wannan, ka kasa zuwa ka tambaye ni. Da gaskiya ne ma fa, haka za ka yi mini?" Na sake ba shi haƙuri. Ya yafe, amma aikin buga takardunsa ya koma wani shago, kuma sai da aka daɗe kafin ya dawo.

Kwamitin kuwa ya yi aiki. Muka fitar da bayanan tamu Illelar, muka bi su a kan babura. Ba mu sami ƙauyen bogi ko guda ba. Abin da muka samu ba shi da armashin da nake nema: famfuna a wasu ƙauyukan Lafani da aka rubuta suna aiki alhali sun daɗe da mutuwa, wani kansa ya karye, wani an sace masa faifan sola. Kawu Ladan da kansa ya ɗauki jerin ya kai gaba, aka gyara wasu, wasu har yau ana jira. A wani ƙauye da aka gyara, wata tsohuwa ta riƙe hannun Sanusi tana sa masa albarka, ni ina gefe riƙe da fayil. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Kai ne Mushen?" Na ce ni ne, Inna.

Bayan taron da ɗan lokaci wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar shagona, ya sauke jarka cike, ya ce saƙo ne daga Alhaji Maman. Ya ce a gaya mini ga ruwan famfon da babu shi, in ɗanɗana. Maƙwabcina mai canji ya kawo kofi da kansa, ya tsaya sai ya ga na sha. Na sha. Ruwan garai-garai, mai daɗi, ya fi na unguwarmu nesa ba kusa ba. Na tsaya da kofi a hannu na tarar ina jin kishin mutanen Gidan Bawa su ma.

Abin da na koya ba shi da yawa. Gwamnati na iya buɗe bayananta ga kowa, amma ba aikinta ba ne ta buɗe idon wanda ya shiga neman tafi. Yanzu duk jadawalin da ya zo hannuna sai na ja shi har ƙarshen dama, ko zai ci takarda goma. In kuma na ji wani bincike ya yi mini daɗi fiye da kima, sai in kira Sanusi ya duba kafin in buɗe baki. Yana zuwa kuwa, a kan sabon babur ɗinsa, ja, mai tashi da bugu ɗaya. Ina yi masa addu'ar Allah ya tsare, kuma mafi yawan lokuta har cikin raina nake yi.